Yadda Za Ka Kare Gaɓar Silikon Daga Rana, Ƙura da Gumi

Tun da ƙanena ya dawo Argungu da kunnen silikon, wato wata irin roba mai laushi kamar fata, wanda sai an ƙura masa ido ake gane ba na haihuwa ba ne, tambaya ba ta yanke mini ba. Wani ɗansa ne ciwon noma, cutar nan da ke cin naman baki da fuska, ya ci wa gefen hanci, wani injin casar shinkafa ne ya datse masa yatsu biyu, wata kuwa maigidanta ne ke sa safar silikon a cikin ƙafar roba. Bakinsu ɗaya: abin da aka sayar da tumaki aka yo, me ya sa kafin wata shida ya koɗe, ya yi tauri, gefensa ya fara yagewa? Namu kuma yaya aka yi ya daɗe?

Namu ma na farkon bai daɗe ba, wata 7 ya yi. Ƙanen nawa mutum ne mai tsafta. Yana dawowa daga fadama da azahar sai ya cire kunnen, ya wanke shi tas, ya ɗora a kan katanga ya bushe kafin ya gama cin abinci. Ranar da na nuna masa yadda launin ya tashi, cewa ya yi, "Yaya, ni fa a ganina kyautata masa nake yi." Ban ga laifinsa ba. Mu mutanen shanya ne. Shinkafa, barkono, kuɓewa, tufafi, tabarmar da yaro ya jiƙa, duk rana muke miƙa wa. Silikon ne kaɗai a gidan rana ba ta gyara shi, ɓata shi take yi, abin da ta ɓata kuma ba ya dawowa. Kunnen na biyu yanzu yana cikin wata na 20.

Zafin garinmu ba ya narkar da silikon, don yana jure zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Abin da ke cinsa wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altirabayolet. Shi ke ƙone launin da aka cuɗa a ciki, ya rage wa robar laushi, ya kuma raunana gefen nan mai sirantaka kamar ɓawon albasa. Gumi, maiƙon fata, ƙura da sabulu mai ƙarfi sai su ƙarasa aikin. Ko a ƙasashen da ranarsu ba ta kai tamu ba, tsakanin wata 6 da shekara 2 ake lissafa wa gaɓar fuska ta silikon, kuma yawanci sauyin launi ne ke sa a sake ta. Matakan nan na ƙasa su ne muka bi.

1. Fara tun kana asibiti

Kada ka bari sai an miƙo maka abin sannan ka fara tambaya. Ranar da za a haɗa launi, ka roƙi ma'aikacin ku fita baranda ko ku tsaya bakin taga a gwada. Launin da ya dace da fata a ƙarƙashin ƙwan lantarki yakan bambanta da ita a tsakar kasuwa. Ka kuma gaya masa aikinka. Fatar manomi a bazara ta fi duhu a kan ta lokacin sanyi, mai haɗa launi yana buƙatar ya san wannan.

Tambaye shi ko yawancin launin a cikin jikin silikon aka cuɗa shi, ko a sama aka shafa. Na ciki ya fi daɗewa. Na sama ana ƙara shi ne don fito da tabo da jijiya, shi ne kuma ke fara gogewa. Launukan da ake samowa daga ƙasa da ma'adinai sun fi jure rana a kan ja da rawaya masu ƙyalli, kuma akwai farin sinadarin titaniyam da wasu ke ƙarawa don ya tare haske. Ba kai za ka zaɓa masa ba, amma idan ya ji cewa a fadama kake wuni, zai san inda zai karkata.

Abu biyu ne na fi so ka riƙe a nan. Na farko, ka roƙi a ajiye mol ɗin da aka zuba gaɓar a ciki, a kuma rubuta haɗin launinka a katinka. Idan mol yana nan, sake wani aikin 'yan kwanaki ne, ba sai an koma awon fuska daga farko ba. Na biyu, in aljihu zai ɗauka, a zuba maka guda biyu a lokaci ɗaya: na gona da na Juma'a. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi tun da an riga an yi babban aikin.

Sai batun yadda za a riƙe ta a fuska. Akwai gam, akwai wadda ake maƙala wa a jikin tabarau, akwai ta maganaɗisu da ake dasa wa ƙarfe a ƙashi. Ga mai yawan gumi, a ganina ta tabarau ta fi gam kwanciyar hankali a garinmu, in dai wurin zai karɓe ta. Likita ne zai yanke.

Gargaɗi: kada ka baro asibiti ba tare da an rubuta maka sunan gam ɗin da na maganin cire shi ba. Gam na fata daban yake da duk wani gam na kasuwa.

2. Haɗa kayan kula

Ba su da yawa: sabulu marar turare da launi, irin na jarirai, buroshin haƙori na yara, mafi laushi, farin ƙyallen auduga da ya sha wanki har ya daina zubar da zare, ƙaramin kwano da za a ware wa wannan aikin kaɗai, madubi, malfa mai faɗi, sai roba mai murfi, mai tauri, wadda haske ba ya ratsa ta. Ka huda murfin wuri uku ko huɗu da ƙusa mai zafi don iska ta riƙa shiga.

Ban da gam, duk kayan nan ba za su kai kuɗin motar zuwa Sakkwato da dawowa ba. Gam ne mai tsada, saboda daga waje ake kawo shi, farashinsa kuma yana bin dala. Sayi ƙaramar kwalba, ka rufe ta da kyau bayan kowane amfani, ka ajiye ta kusa da randa. Babbar kwalba a ɗaki mai rufin kwano takan yi kauri ta lalace kafin a ci rabinta.

3. Sanyawa da safe

Wanke wurin da sabulu, ka ɗauraye, ka bari fata ta bushe sarai. Maiƙo ko kaɗan ne ya rage, gam ba zai kama ba. A hunturu kowa na shafa basilin ko man kaɗe, to kai lokacin shafa naka a wannan wurin shi ne da dare bayan ka cire gaɓar, da safe kuma ka wanke shi.

Shafa gam siriri a bayan gaɓar, wurin da zai taɓa fata. Irin wanda aka haɗa da ruwa fari ne in an shafa, sai ka jira har farin ya ɓace ya koma garai-garai. Sannan ka tsaya gaban madubi, ka saita sau ɗaya, ka danna tsakiya, ka bi gefe da ɗan yatsa a hankali. Yawan ɗagawa da sake saitawa shi ke miƙe gefen har ya yi lanƙwasa.

Turare, hoda da man gashi duk a gama da su kafin a sa gaɓar, a kuma wanke hannu.

Gargaɗi: labta gam da yawa ba ya ƙara riƙo. Taruwa yake yi a gefe, ƙura ta manne masa, da dare kuma sai an yi kokawa kafin ya fita, a nan ake yaga abin.

Kan alwala ana yawan tambayata. Hukuncinta na malamai ne, ka je ka tambaye su. Abin da zan faɗa ta fuskar kula shi ne: in ruwa ya taɓa gaɓar, ka danna da ƙyalle ya tsotse, kada ka goge. In kuwa cire ta za ka riƙa yi a kowace salla, ka faɗa wa likita tun farko, don gaɓar gam ba ta jure cirewa sau biyar a rana. Ta tabarau ko ta maganaɗisu ce ta dace da hakan.

4. Fita cikin rana

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma hasken nan ya fi ƙarfi. A Birnin Kebbi ko Gusau, a watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40, amma kada zafi ya zama ma'auninka. Ranar da gari ya yi lumshi ma hasken yana sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 80 cikin 100 nasa na iya ratsa siririn gajimare. Manomi ya fi sakin jiki a irin wannan ranar ta damina, ya ajiye malfa a gindin bishiya saboda ba ya jin ƙuna.

Hula ba ta yi wa hanci ko kunne inuwa. Malfa ce ke yi, ko rawani da aka sauko da shi ya rufe kunne. Mata sun fi mu sa'a a nan, hijabi da mayafi suna rufe kunne gaba ɗaya, hanci kuwa sai a ƙara da takunkumi ko lema. Don ka san ko ƙyalle zai tare rana, ɗaga shi sama ka duba. In kana hango haske ta cikin saƙarsa, ninka shi biyu. Mai yatsan roba ya sa safar hannu ta auduga in zai wuni a waje.

Gargaɗi: sabon rawani ko mayafi mai rini, musamman baƙi da shuɗi, yana zuba in ya haɗu da gumi, silikon kuma ya sha launin. A wanke sabon ƙyalle har sai ruwansa ya fita fari kafin ya taɓa gaɓar.

Masunta na Yawuri da masu aiki a bakin gulbin Argungu su sani cewa ruwa da farin yashi suna mayar da wani kaso na hasken sama, ya shigo ta ƙarƙashin malfa. Su sai sun haɗa da rufe fuska. Gilashin mota ma ba kariya ba ce cikakkiya, wani ɓangare na hasken yana ratsa shi, don haka a doguwar tafiya ka zauna gefen da ba rana. A kan kabu-kabu kuwa abu biyu ke faruwa: iska tana ɗaga gefen gaɓar, ƙura kuma tana dukanta. Ɗaure fuska kafin ka hau.

Ranar aiki mai tsanani, kamar huɗa ko yankan shinkafa, sa tsohuwar gaɓar. In guda ɗaya gare ka, tambayi likita ko za ka iya barinta gida ka rufe wurin da tsaftataccen ƙyalle. Na san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya sha kallo a baya. Ƙanena ya daɗe kafin ya yarda ya fita gona ba kunne. Rawani ne ya sauƙaƙa masa, tun da ba mai tambayar abin da ke ƙarƙashinsa.

5. Abubuwan da bai kamata su taɓa ta ba

Fetur ne na farko. Silikon yana shan fetur da kananzir ya kumbura, ya yi lagwaɓ-lagwaɓ, ƙarfinsa ya ragu. Duk mai noman rani a fadamar Kebbi yana zuba wa injin ban-ruwa mai da hannunsa, sau da yawa daga jarka ba mazurari. Mai yatsan silikon ya cire shi kafin ya taɓa jarkar. Mai kunne ko hanci ya wanke hannu kafin ya kai shi fuska, don hannu yakan je can ba da sanin mai shi ba. Haka baƙin mai, haka maganin feshi na ciyawa da na ƙwari.

In tsautsayi ya sa fetur ya zuba a kai, cire nan take, danna da ƙyalle, wanke da sabulu da ruwa, ka ajiye a inuwa mai iska har warin ya fita gaba ɗaya, girmansa kuma ya koma daidai. Kada ka mayar da shi jikin fata yana wari.

Sai masu rini: lalle, goro, manja, shuni, tawadar biro. Amarya ko mai zuwa biki ta cire yatsan kafin a yi mata ƙunshi, kuma kada ta mayar sai lallen ya bushe an wanke. Hayaƙi ma yana rina silikon a hankali ya koma rawaya-rawaya. Hayaƙin taba ya fi ɓata hanci, sai na murhun itace da turaren wuta. Uwargida, in za ki daɗe a bakin murhu ko za ki turara ɗaki, ki rufe ko ki cire.

6. Cirewa da wanki da dare

Kada a kwana da gaɓar fuska. Fata tana buƙatar ta huta, matashi kuma yana murɗe gefe.

Jiƙa ƙyalle da ruwa mai ɗumi-ɗumi ka ɗora a gefen na ɗan lokaci don gam ya saki. Nemo wurin da ya fi kauri, ka fara ɗagawa daga nan. Kada ka taɓa kama siririn gefen da farce ka ja.

Juya bayanta a tafin hannu. Da ɗan yatsa ko ƙyalle ka riƙa murza ragowar gam daga tsakiya zuwa gefe, zai dunƙule ya fita. In ka murza daga gefe zuwa tsakiya, naɗe gefen kake yi, wata rana ya tsage. Wannan aikin yana son haƙuri da hasken fitila mai kyau. In ka gaji sosai, ajiye ta a kan busasshen ƙyalle ka yi da asuba, ya fi ka yi da garaje.

Daga nan sai wanki a cikin kwano, ba a tsaye a bakin rariya ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu kaɗan. Bayan, wato gefen fata, shi ake bi da buroshi a hankali, ana shiga lungu-lungu. Gaban da ke da launi yatsa kaɗai ya ishe shi. Ɗauraye sau biyu ko uku, don ragowar sabulu yana sa fata ƙaiƙayi. In ruwan rijiyarku yana da laka ko ja-ja, bari ya kwanta ka tace, ko ka yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan leda guda.

A hunturu silikon yana jan ƙura kamar yadda robar da aka goga ke jan gashi. Kada ka share ƙurar a bushe. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, goge ta a bushe kamar goga wa gaɓar sanfefa ne. Fara zuba ruwa ya tafi da ita, sannan sabulu.

Gargaɗi: ban da omo, ban da bilic, ban da Dettol ko Izal, ban da toka, ban da soson ƙarfe ko na buhu. Bilic yana cinye launi. Tafasawa ma ban da ita, don ko silikon ya jure, launin sama da sassan da aka manna masa ba lallai su jure ba. Sifirit kuwa sai in asibiti sun ce ka yi, shi ma gogawa ɗaya, ba jiƙawa ba.

Kada ka manta da fatar kanta. Wanke ta, cire ragowar gam, duba ta a madubi. Mai ƙarfen da aka dasa ya tsaftace kewayensa kullum yadda aka koya masa.

7. Busarwa da ajiya

Nan ne muka yi asarar kunnen farko. Bayan wanki, danna da ƙyalle ya tsotse ruwan, ka ɗora gaɓar a kan busasshen ƙyalle a cikin ɗaki, inda iska ke wucewa amma rana ba ta kaiwa. Ba kan katanga ba, ba kan rufin akurki ba, ba bakin taga ba, ba kusa da murhu ko fitilar kananzir ba. A bazara da hunturu kafin ka gama shirin kwanciya ta bushe. A watan Agusta takan ɗauki dare guda, kuma a lokacin ne zuciya ke raya wa mutum ya kai ta rana na ɗan lokaci. Fanka ko mafici sun isa.

Sai ta bushe ƙarau za ta shiga roba. Ajiye ta da danshi yana kawo fumfuna a bayanta, baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ke shiga cikin jikin silikon, wanki kuma ba ya fitar da su in sun zauna. A shimfiɗa ƙyalle a ƙasan robar, a kwantar da gaɓar yadda gefenta ba zai lanƙwashe ba, kada a ɗora komai a kai. Wurin ajiya ya zama mafi sanyi a ɗakin, ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano, kuma inda hannun yara da bakin akuya ba sa kaiwa.

Gargaɗi: gaban mota, aljihun babur da aljihun riga ba wuraren ajiya ba ne. Motar da aka rufe a rana cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, ga hasken da ke ratso gilashi.

Masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci, wannan matakin ya shafe ku. Robar fitsari ta silikon, tiyon ciyar da majinyaci da kan fidar jarirai duk kada a jera su a tagar shago ko a teburin kasuwa. Ledar da takardar da aka rufe su da ita suna riga silikon lalacewa a rana, in kuwa suka tsage, tsaftar abin ta tafi ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Mai saye ya duba: ledar da ta koɗe, ta yi rawaya ko ta yi ƙaras-ƙaras, a bar ta.

8. Safar ƙafar roba

Ita a ɓoye take cikin ƙafa duk wuni, don haka gumi ne babban abokin gabarta, rana kuwa sai a wurin shanya take samunta. Kullum da dare a juya cikinta waje, a wanke da sabulu marar turare da tafin hannu, a ɗauraye sosai, a tsane da ƙyalle, sannan a mayar da ita daidai, ƙyalle a waje silikon a ciki, ta bushe a inuwa. Barinta a juye yana sa ta tsattsage a wurin lanƙwasa, ƙura kuma ta manne a gefen da zai taɓa fata. Ba a matse ta kamar wanki, ba a rataye ta a igiya da maƙali.

Wajen sawa, juya ta, ɗora gindinta a kan dungun ba tare da iska ta shiga tsakani ba, ka mirgino ta sama da tafin hannu. Ja da farce shi ke huda ta. Guda biyu ake so, yau wannan gobe waccan. Yawanci tsakanin wata 6 da shekara 1 take yi. A bazara, in gumi ya taru har ƙafa ta fara santsi, nemi inuwa ka cire, ka tsane dungun da safar, ka mayar.

Gargaɗi: mai ciwon suga ya duba dungunsa kowane dare da madubi. Yana iya samun rauni bai ji zafi ba. Ja da bai ɓace ba bayan an cire safa da ɗan lokaci, ko ƙurji, ko ruwa, a daina sa ƙafar a nufi asibiti.

9. Dubawar wata-wata

Ido ba ya ganin sauyin da ke zuwa kaɗan-kaɗan, musamman idon mai ganin abin kullum. Ranar da aka ba ka gaɓar, ka sa a ɗauke ka hoto da waya a inuwar zaure, da hantsi. Duk farkon wata a sake ɗauka a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da waya ɗaya, a jera su.

Sannan ka cire ta ka gwada launin gaba da na baya. Baya ba ya ganin rana, shi ne shaidar yadda take tun asali. Matsa ta a hankali tsakanin yatsu biyu ka ji ko laushin yana nan. Ɗaga gefen ga haske ka nemi ƙananan tsaga. Shinshina, ka duba ɗigon fumfuna. In ta fara danƙo ko santsi ko bayan wanki, shi ma alama ce. Rubuta abin da ka gani a bayan katin asibiti.

10. Lokacin komawa

In launin sama ne kaɗai ya koɗe, sau da yawa ana iya sabunta shi a asibiti ba sai an zuba sabuwa ba. Ƙaramar tsaga ma akan like ta da silikon irin nata in an kai da wuri. Tsagar da aka bari tana tafiya ne, kullum cirewa da sawa na ƙara mata tsawo.

Gargaɗi: kada ka like da Super Glue. Ba ya kama silikon da kyau, yana bushewa ya yi ƙarfi kamar gilashi, ya yanki fata, ya kuma ɓata wurin yadda gyaran asibiti ba zai zauna ba. Kada ka ɗinke da zare, kada ka datse gefe da reza, kada ka sabunta launi da man takalmi, alƙalamin maka ko jan-baki.

Fatar da ta yi ja, ta kumbura, take ruwa ko wari ba ta jiran ranar da aka ba ka. Yaro kuma fuskarsa girma take yi, tasa gaɓar za ta daina zama daidai ko da launinta bai taɓu ba.

Ga mutanen Kebbi da Zamfara, hanya ta fi sauƙi in an fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a karɓi takardar turawa. Matsalar fuska da muƙamuƙi ana kai ta sashen haƙori da tiyatar fuska na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ciwon noma yana da asibitinsa na musamman a can Sakkwato tun 1999, ana kuma duba masu shi kyauta. Da yawansu tiyata ake yi musu a gyara wurin da naman jikinsu, likitoci ne ke duba wanda ya dace da wane. Ƙafa da hannun roba kuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya daɗe yana yin su.

Kira kafin ka tashi, ka tabbatar mai aikin yana nan kuma akwai kayan zubi, don kada ka biya kuɗin mota da na kwana a banza. Tafi da tsohuwar gaɓar a cikin robarta, da kati, da hotunan wata-wata, da kwalbar gam. Fara tara kuɗin sabuwa tun daga watan da aka ba ka wannan, ko da adashi ne, kuma ka je tun tsohuwar tana sawuwa, don ka samu abin fita gona. Mu mun sa ranar komawa bayan an yanke shinkafar rani. Na kira makon jiya, mol ɗin yana nan.